Kyamara Biyu da Idon Tsohuwarmu

Na ɗauki hoton mata da yawa. Daga Birnin Konni zuwa Malbaza, har Illela tamu ta arewa, ba ta tsallaken iyaka ba, da wuya ki shiga unguwa ki rasa ɗakin da aikina ke rataye a bango. Amare, masu jego, hajiyoyi da sabon haƙorin Makka, ƴan ƙungiya da sunka ɗinka anko. Duka sun dube ni tsakar ido, don na ce su dube ni, kuma ba ni maimaita magana. Mace guda ce ta ƙi, ita ce wadda ta haife ni.

Ni ce ƴarta ta fari. A ƙauyenmu, gaba da Bazaga kaɗan, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama tabarma guda da shi, ba ta ɗaga ido ta dube shi. Kunya ake ce ma abin. Matan yanzu sun sassauta, har na ga wadda ta sa hoton ɗanta na fari a fuskar wayarta. Tsohuwarmu ba ta sassauta ba ko da ƙwayar gero. Ana yaye ni anka miƙa ni ga kakata, can na girma, gida uku tsakaninmu. Ban taɓa ce mata Inna ba. Adda nake ce mata, yadda na ji ƙannenta na kiranta. Ita kuwa in tana son magana da ni, sai ta faɗa ma wani abin da ke kusa. Ina zaune taki biyu daga inda take, sai ta dubi tukunya ta ce, "A ce ma mutanen Konni abinci ya nuna." Ni ce mutanen Konni. Ni kaɗai na zo.

Kada wani ya ce ƙiyayya ce, don zan ba shi amsa. Duk kaka, waken da ya fi kyau gidana yake zuwa bisa amalanke. Da na kwanta ciwo bayan haihuwata ta biyu, ta zo Konni ta tare a ƙofar ɗakina har na miƙe, tana tambayar maƙwabta yaya mai jiki, ni kuwa ina jin ta.

Hotunanta akwai. Autarmu, wadda ke zaune da ita a ƙauye, wayarta cike take da su: tana dariya, tana faɗa, tana cin goro. Akwai kuma na katin ɗan ƙasa, inda ta fito kamar an kama ta da kayan sata. Wanda babu shi ne wanda na ɗauka da hannuna tana duban inda nake. Shi nake so. Ban taɓa roƙonta komai ba tun da na yi wayo, kuma wannan ma ba ni da hanyar roƙo, tunda ba a magana.

Sana'ar hoto da girmana na shige ta. Na haura arba'in lokacin da na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci, da la'asar, cikin wani gida a unguwarmu. Da munka kammala zangon farko malama ta ce a ɗauke mu hoto. Anka kira wani dattijo, Alhaji mai studiyo kusa da tasha, sai mazajen wasu sunka ce ba namijin da zai shiga. Alhaji ya tsaya a waje yana huci, mu muna ciki mun sha kwalliya. Na fita na ce mishi ya ba ni abin. Ya dube ni sama da ƙasa, ya rataya mini a wuya, ya ce, "Ki leƙa nan. Za ki ga jan ɗigo. Ki aza shi bisa hancin malama, ki latsa rabi, ki ji ta yi ɗan kuka, sannan ki ida latsawa." Na yi. Hoton ya fito, hancin malama tar. Daga ranar duk gidan da ba ya shiga, ni yake aikawa, har na tsaya da ƙafata, ya bar mini kyamarar.

Alhaji apare yake ce mata, irin ta ƴan lakwal, masu karatun Faransanci. Ni kyamara na ji ƴan tsallaken iyaka na cewa, ita na riƙe. Baƙa ce, mai jiki, nauyinta ya kai na dutsen niƙa ƙarami in an ɗaura mata dogon gilashi. Akwai madubi a cikinta. Shi ke kawo miki abin da ke gabanki zuwa ƴar tagar da kike leƙawa, in kin latsa sai ya ɗaga ya koma, shi ne ƙarar da ake ji, ƙaras. Cikin tagar akwai ƴan ɗigo-ɗigo da sunka taru a tsakiya, kowane na iya kama abu ya fito da shi tar. Ni na tsakiyar kaɗai na yarda da shi. Inda na aza shi, nan take kamawa. Ba ta da ra'ayin kanta, abin da ya sa munka daɗe tare ke nan.

Sai dai aiki da ita sai an ɗaga ta an manna ga fuska, an rufe ido guda, an tsura ma mutum ɗayan, kamar mai harbin zabi. Ki yi tunanin ƴar fari ta tsaya gaban uwarta haka. Ranar da na fara gwadawa, tun kafin kyamarar ta kai hancina tsohuwa ta ja mayafi ta juya. Na latsa don kada in tashi a banza. Ƙarar ta watsa kaji. Ta ce ma turmi, "A ce ma mutanen Konni nan ba gidan buki ba ne."

Na gwada daga nesa, na laɓe bayan rumbu da dogon gilashi. Jan ɗigon ya sauka bisa zanan da ke bayanta, na samu hoton zana mai kyau, ana ƙirga karan da ke ciki, ita kuwa ta yi hazo-hazo kamar an shafa mata man shanu. Na gwada in riƙe ta ƙasa-ƙasa ina duba allon bayanta maimakon tagar. Nan ne raunin tsohuwar kyamara yake. Gilashin sai ya yi ta gaba da baya yana kuka kamar sauro, yana neman abin da zai kama, kafin ya samu tsohuwa ta shige ɗaka ta saki labule. Shekara da shekaru ina wannan. Ina da hoton kunnenta na dama, da ƙeyarta, da ɗaurin kallabinta kala-kala. Wanda ke son sanin zannuwan da ta ɗaura tun da na fara sana'a, ya zo in nuna mishi.

Ƙarshen wata damina auta ta kira ni ta ce idon Inna na hagu ya fara fari. An kai ta likita, an ce yanar ido ce, kuma na dama ma ya ɗauko hanya. An ce ana iya aiki. Tsohuwa ta ce ba mai sa mata wuƙa a ido sai an gama kaka, in an gama kaka kuma sai ta yi tunani. Na san tunaninta. Na ajiye waya na ce ma kaina, in ba ta dube ni bana ba, nan gaba ko ta juyo inda nake ba dubana take ba.

Cikin kwanakin nan ne na je studiyon Alhaji wankin hotuna, ya jawo aljihun tebur ya fito da wani ɗan abu, bai fi sabulun wanki biyu a haɗe ba.

"Ƴar Bazaga, zo ki ga ƙarshen duniya."

"Mi ke nan? Rediyo?"

"Apare ce. Marar madubi. Daga Sakkwato anka kawo min."

"In ba madubi da mi take gani?"

"Da kanta. Ke dai riƙe."

Na riƙe. Hannuna ya tashi sama da kansa, don ya saba da nauyi. Ya kunna, ya juya ta wajen fuskarsa, sai ga wani ɗan koren akwati ya fito a allo ya zauna bisa idonsa. Ya matsa dama, akwatin ya bi shi. Ya duƙa, ya bi shi. Ya je can lungun allo inda tsohuwar kyamarata ba ta da ko ɗigo guda, ya bi shi can ma. Na latsa, ban ji komai ba.

"Ba ta ɗauka ba."

"Ta ɗauka har uku. Ba ta da baki."

"Allon nan fa, mi ya sa yake lilo? Ya karye?"

"Haka anka yi shi. Shina ɗagawa, shina juyawa har gaba. Ki aza ta bisa cinya ki ɗauki mutum kina duban ƙasa."

Na ji maganar har tafin ƙafata. Ya ce in yi sati da ita, in ta yi mini mu yi musaya, in bar mishi babbar. Na ce mu gani. Ba ni yabon abu a gaban mai shi.

Na fara kai ta aiki, don ba zan tafi gaban tsohuwa da abin da ban san halinsa ba. Akwai suna a Malbaza. Na jefa ta cikin jakar hannu tare da goro da carbi, na hau mota. A shingen hanya jandarma ya leƙo bai tambaye ni komai ba. Da babbar ce a wuyana, sai na yi bayanin cewa ni ba ƴar jarida ba ce, kuma ban ɗauki shingensu ba, ba shi da kyan da za a ɗauka.

Kakar jaririn ta tarbe ni a tsakar gida ta dubi wuyana.

"Ina kyamarar?"

"Ga ta."

"A'a, ta gasken."

"Ita ce ta gasken, Hajiya."

"Sunan jikana na hwari za a ɗauka da wagga? Gidan maƙwabta da babba kinka zo. Mi munka yi miki?"

Na ce ta jira ta ga aiki. Ta jira, amma fuskarta ba ta jira ba. Na jera tsofaffin gidan bisa tabarma, sunka ƙame kamar yadda anka saba, ƙirji a gaba, numfashi a riƙe. Na ɗauka, na sake, na sake. Na sauke hannu. Ba wadda ta motsa. Rana na dukansu, zufa na bin wuyan wata, kuda ya sauka a hancin wata ba ta kore shi ba. Ƙarar suke jira. Wata ta ce ta tsakanin haƙora, "Har yanzu ba ta ɗauka ba?" Da na ga za a faɗi, na ɗaga kyamarar na ce "ƙaras" da bakina. Sunka saki numfashi gaba ɗaya, anka ce Allah shi yi albarka.

Amma da rana ta yi sanyi mata sunka shiga daka suna lugude, a nan ƙaramar ta nuna kanta. Mace na jefa taɓarya sama tana tafi tana cafewa, kai na sama yana ƙasa, koren akwatin yana manne da idonta kamar kaska. Da babbar, irin wannan sai in ɗauki goma in zubar da rabi, don kafin in aza ɗigon fuskar ta bar wurin. Nan kuwa ban zubar da ko guda ba don hazo. Na dawo gida wuyana bai yi ciwo ba, abin da na manta ana yi. Laifinta guda da na gani ranar, ci. Kafin la'asar ta cinye batir ta rufe ido. Babbar tana yin bukin kwana biyu da caji guda ba ta ce uffan ba. Ƙaramar kuwa dole ki riƙe mata guzuri.

Ranar kasuwa Alhaji ya aiko a amshe ta yini guda. Wani dillali ne ke son hoton raguna zai tura ma masu saye ta waya. Da yamma anka maido mini, na caja batir biyu, da safe na hau kabu-kabu sai ƙauye.

Na iske an kawo wake daga gona. Tsohuwa na zaune bisa ƴar kujera a inuwar rumbu tana ɓara, auta na gefe tana dama fura, jar akuyar tsohuwa na tsaye tsakaninsu tana cin ɓawon. Akuyar nan ita ce ƴar gaban goshi a gidan. Ana kiranta da suna, ana dubanta tsakar ido. Na yi sallama, na gaida Adda, ta amsa ma ƙwarya. Na shimfiɗa tabarma daga gefe, na aza kyamarar bisa cinya, na rufa mata gefen mayafi, na ɗaga allon sama, na sunkuyar da kai kamar mai tsintar tsakuwa cikin wake.

Abin ya yi. Da ta ga kaina a ƙasa, tsohuwa ta saki jiki. Auta ta zuba nono da yawa, tsohuwa ta ɗago fuska gaba ɗaya ta hau ta da faɗa, hasken hantsi bisa goshinta. Shekara nawa ina jiran wannan fuskar. Na latsa, na latsa, na riƙe maɓallin ban saki ba. Ba kazar da ta motsa.

Na zagaya bayan ɗaki don in duba. Hoto na farko, akuya. Na biyu, akuya. Na goma sha biyar, akuya. Idonta na dama tar, har ana ganin gashin girarta ɗaya-ɗaya da inuwar rumbu a cikin ƙwayar. A bayanta akwai wani hazo mai kallabi, shi ne uwata. Rana ta hana ni ganin allon da kyau lokacin da nake latsawa, ban lura inda akwatin ya zauna ba.

Na tsaya nan na zagi Alhaji da dillalinsa da ragunan, ƙasa-ƙasa don gidan mutunci ne. Sannan na shiga cikin rubutun kyamarar. Da Faransanci yake, ni kuwa Hausa na koya, Faransancina na takardar magani ne. Na bi shi baƙi-baƙi, shafi-shafi, har na kai wani wuri mai zanen kan kyanwa. Kusa da shi akwai zanen kan mutum. Alhaji ya mai da ta neman idon dabba don ragunan dillali, ya manta bai mayar ba. Na latsa kan mutum na koma.

Yanzu ta bar akuya ta kama auta. Ba laifinta ba ne. Ita fuska take nema, duk wadda ta fi buɗewa ita take bi, auta kuwa fuskarta kullum a sama take, baki a buɗe. Tsohuwa ta mai da kai cikin ƙwarya. Na ce ma auta ta tashi ta ba ni wuri, ta ɗauki furarta ta shige madafa. Tana shigewa tsohuwa ta juya kujera ta ba ni baya ɗungum, don yanzu ba na uku, daga ita sai ƴar fari. Na kira auta ta dawo.

"Yaya, ke kam ki yanke shawara. In tahi ko in zamna?"

"Zamna. Ki rufe baki, ki dubi ƙasa."

"Ni ma kunyarki zan ji? Ni ba ni na haihe ki ba."

"Da ke kinka haife ni da na gudu tun ina goye."

Na gano in na taɓa allon da yatsa a kan mutum, sai ta bar kowa ta bi shi. Na taɓa kallabin tsohuwa. Ta bi shi. Can tsohuwa ta ɗago ta miƙa ma auta ƙwarya, akwatin ya faɗa kan idonta, na latsa. Ya fito tar. Na duba shi da kyau. Mace ce tana duban autarta. Irinsa auta tana da fiye da ɗari a waya, kuma nata ba na sata ba ne.

Na ajiye kyamarar bisa tabarma a fili, na janye mayafin. Na gaji da laɓe-laɓe, ba halina ba ne. Na dubi akuya na ce da ƙarfi, "A ce ma masu gida hoto nake so. Guda ɗaya. Suna duban inda nake."

Auta ta bar motsa ludayi. Tsohuwa ta ɓare wake uku ko huɗu kafin ta ce ma ƙwarya, "A ce ma mutanen Konni an ji."

Shi ke nan. Ta ci gaba da ɓara. Na zauna ina duban yatsun ƙafata, ina tunanin kabu-kabun komawa.

Auta ce ta leƙo ta kafaɗata, tana son ganin abin da na ɗauka tun safe. Na nuna mata don ta bar ni in huta. Ta ga akuya ta fashe da dariya har furar ta kusa zubewa.

"Inna! Taso ki ga ƴarki. Wallahi ta hi amarya kyau. Har gira gare ta."

"Wace?"

"Jar mana. Yaya ta zo tun daga Konni ta ɗauke ta hoto ya hi ashirin."

Tsohuwa ta yi kamar ba ta ji ba. Sannan ta ajiye ƙwarya. Auta ta miƙo hannu za ta amshi kyamarar ta kai mata, na buge hannun. Hannu duk fura, kayan aro. Na ce mai son gani ya zo inda abin yake. Na ji jan kujera a ƙasa. Ta kawo ta bayan kafaɗata ta hagu, nesa da bakin tabarma, ta zauna. Na ji ƙamshin goro da hayaƙi. Na miƙa hannu gaba don ta gani ba sai na juyo ba, ina wuce hotunan da babban yatsa.

"Ta rame," in ji ta, ga auta. "Na ce a riƙa ba ta dussa."

"Inna, hoto ne."

"Hoton ma ta rame."

Ban yi shawara da kowa ba. Na juya allon gaba, na juya kyamarar ta fuskance mu, na taɓa maɓalli. Akuya ta ɓace, sai ga fuska biyu, tawa babba a gaba, tata a baya bisa kafaɗata. Da babbar kyamara ce, hannu guda ba ya riƙe ta haka, allonta kuma ba ya juyawa. Na jira in ji kujera ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Ai ba ni take duba ba, na'ura take duba, kuma ba wanda ya taɓa cewa a ji kunyar na'ura.

"Wanga kuma mi ne ne?"

"Ke ce, Inna."

"Na san kaina. Abin da ke bisa idona nike tambaya."

"Akwati ne. Ido shike nema."

"To ya samu. Mi za shi yi da shi?"

Akwatin ya bar na hagu mai farin, ya zauna bisa na dama. Ta lumshe, ya jira ta. Ta buɗe, yana nan. Ta ce abin ba ya da tarbiyya. Daga nan ta tsura ma allon ido. Kallabina ya zame baya tun bisa kabu-kabu, ban gyara ba.

"Tun yaushe ta yi hurhura?" in ji ta, ga auta.

"Tambaye ta mana, ga ta nan."

"Ke na tambaya."

"Ta daɗe, Inna. Tun kahin ta aurar da ɗiyarta ta biyu."

"Ba wanda ya hwaɗa min."

Na latsa. Na ce ma iska an ɗauka, na fito da shi a allo. Ita ta fito tar. Ni da ke kusa da gilashin na yi hazo, hanci da baki sun haɗe. Ni dai ya ishe ni, har na fara sauke hannu.

"Bai yi ba," in ji ta. "Guda ta hito, guda ba ta hito ba. Ko idona ne?"

"Ba idonki ba ne, Inna. Yaya ta yi dishi-dishi."

"Aikin da anka ce ta iya ke nan? A sake."

Na ce ma auta, ta faɗa ma masu gida, kyamara ba ta kama na gaba da na baya lokaci guda a kusa haka. In ana son duka biyu su fito, sai kawunan sun daidaita, kunne kusa da kunne. Ba ƙarya na yi ba, haka aikin yake, kowane mai hoto ya sani. Auta ta maimaita kalma-kalma, kamar mai fassara a buro, ofishin hukuma, tana danne dariya.

Tsohuwa ta dubi tabarma. Ta dubi kujerarta. Ta miƙe ta jawo ta gaba, har ƙafafunta sunka taɓa bakin tabarmar, ba su hau ba. Ta zauna. Na durƙusa bisa gwiwa don tsawonmu ya zo ɗaya. Kafaɗarta ta taɓa tawa, ƙashi zalla. Na miƙa kyamarar gabanmu. Akwatin ya tsallaka idona, ya koma nata, ya tsaya. Na latsa sau uku.

Ta duba, ta ce ma auta ya yi dama-dama. Ta ja kujerarta ta koma inuwar rumbu, ta ce a kore akuya daga wake.

Da sati ya cika na koma wajen Alhaji. Na faɗa mishi gaskiya: ƙaramar ta fi ni saurin samun ido, amma sai an tsare ta, don wanda ta ga dama take bi. Babbar ba ta da sauri, tana karya wuya, amma ita ake shimfiɗa ma tabarma a gidan buki. Na ce ƙaramar ba ta komawa aljihun tebur, babbar ma ba inda za ta. Ya ce ba haka munka yi ba. Na tuna mishi da kan kyanwa. Yadda munka ƙare, tsakanina da shi ne.

Na sa ya wanke mini na tsakiyar cikin ukun, babba. Da ya fito ya riƙe shi a haske ya ce akwai kuskure, tsohuwar ba ta dubi gilashi ba, idonta ya karkata gefe kaɗan. Gaskiyarsa. Allon a gefen kyamarar yake, kuma ita ɓangaren da fuskata take a allon ta tsura ma ido. Da wata ce ta kawo mini aiki haka, da na ce ta gyara zama mu sake. Na ce mishi ya sa shi a firam.